Inda Ake Tsayawa a Gai da Kulu

Ku samarin tashar Mafara, masu babura da masu ƙananan motocin nan da ake tayarwa da ɗan yatsa, ina jin abin da kuke faɗa in na ba da baya. Kunnena bai mutu ba tukuna, ido ne ya fara yi mani sallama. Kun ce wai tsohon nan Mamman bai taɓa yin tuƙin kirki ba, tsofaffi kawai yake kwasa ya kai su Sakkwato ziyara, ya dawo da su da yamma kamar mai kiwon awaki. To, na sayi biro. Ina da karatun aji huɗu na elemantare, wanda a zamaninmu ya isa a ba mutum kujera a gidan suna. Zan rubuta muku yadda aikin yake. Wanda ya ga kuskure a rubutun ya kai ƙara wurin malamin da ya koya mani. Yana maƙabartar Bakura, kullum ana samun shi, ba ya zuwa ko'ina.

Na fara da karen mota a hannun maigidana Bawa, mutumin Bakura, Allah ya jiƙan shi. Motarsa akori-kura ce mai benci biyu a baya da rufin tampol. Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowanne in ka manta shi za ka kwana a daji: jak, sifana, famfon iska, kayan faci, garwar ruwa saboda lagireto, da weji, wato guntun itacen da ake tokare taya da shi. Sai kuma wani tsuntsun ƙarfe da wani maƙeri ya liƙa masa a kan hancin mota. Bawa ya ce shaho ne. Duk wanda ya gan shi cewa yake zabuwa ce. Kada ku raina zabuwar nan. Da ita Bawa ya koya mani auna hanya: in kana zaune a kujerar direba, ka daidaita kanta da bakin kwalta, ka san tayarka na inda ya kamata, ko da tirela ce ta taho muku.

Na daɗe ban taɓa sitiyari ba sai da tsumman goge shi. Ranar da Bawa ya ga dama ya gwada ni, bai ce in yi gudu ba. Mun iso Hubbare da hantsi ɗauke da tsofaffin mata daga Morai, sai ya sauka ya ce, "Aje ta." Na duba na ga wata dalbejiya mai inuwa luf, na shiga ƙarƙashinta kamar ango, na sa weji, ina jiran yabo. Ya juya ya bi fasinjoji ciki. Da aka fito bayan azahar inuwa ta yi ƙaura zuwa wancan gefen, mota tana tsakar rana, benci ya zama tanda. Wata tsohuwa ta zauna ta miƙe da sauri, ta ambaci kakata da sunan da ban san tana da shi ba. Bawa ya dube ni ya ce, "Kai ka tsaya ga inuwar da kag gani. Ni ina tsayawa ga wadda za ta zo. Taka totur ko jaki shina iyawa in an ba shi takalmi."

Wannan shi ne aikin direban ziyara, kuma shi ne ba ku sani ba. Tsoho ba zai taɓa ce maka fitsari ya matse shi ba, kunya ba ta barin shi. Tari zai yi sau biyu, ya tambayi sunan garin da ake wucewa alhali ya san shi. Kai kuma sai ka tsaya ka ce lagireto na son ruwa. Tsohuwa in ta yi shiru ta rufe hanci da gefen zane, miƙa mata lemun tsami tun kafin ta yi wa ta kusa da ita ado. A ƙofar masallaci ka aje mota ta yadda bayanta zai fuskanci inda ba matakala. Ka san wanda zai ɓace a kasuwa tun daga yadda ya ɗaura hularsa da safe. Ka fita bayan asuba, ka maido da kowa ƙofar gidansa kafin magariba, ba ka bar ko takalmin mutum ɗaya a birni ba.

Da Bawa ya tsufa ya bar mani motar da zabuwarta, ya kuma bar mani mutanensa. Waɗanda na fi so a cikinsu su ne 'yan Tungar Marke, wani ƙauye a bakin gulbi ta wajen Maradun. Kowace shekara in an gama girbi, an ɗaure dawa, sai dattawansu su cika benci biyu da ƙunshin dawon fura da gorunan ruwa. Zagayenmu ɗaya ne ba ya canzawa. Hubbare da safe, sai manyan masallatan nan na da, sai kasuwa. Da la'asar in kai su gefen bariki su ga abin da Turawa suka bari: filin Giginya inda aka yi artabu da su, gidan Razdan mai kaurin bango, tsohon ofishin En'e inda ake yanke wa kakanninsu haraji da jangali. A nan nake zama malamin tarihi. Abin da na sani in faɗa, abin da ban sani ba in ƙara murya. Ba wanda ya taɓa kama ni sai mutum ɗaya, Baba Labbo, wani dogon tsoho mai yawan magana, wanda kullum shi ke zama gidan gaba kusa da ni.

"Mamman," in ji shi, "bara ka ce Bature ukku sunka mutu bakin ƙofar ga. Bana sun zama bakwai. Haihuwa sukai cikin kabari?"

Sai aka zo da aikin dam na Bakolori. Da farko mu direbobi mun ji daɗi, kada in yi muku ƙarya. Mafara ta cika da baƙi, ga Turawan kamfani, ga leburori daga ko'ina, tifa-tifai suna kai da kawowa ba dare ba rana. Amma ni abincina ba a hannun leburori yake ba, a hannun manoman bakin gulbi yake, kuma su ne ruwa ya zo dominsu. Aka datse gulbi, ruwa ya fara hawa, ya ci fadama, ya ci gonakin gangare. Ƙauyuka suka watse, wasu aka kai su sabon matsuguni a kan tsakuwa, wasu suka bi dangi. Abin da ya biyo baya tsakanin manoma da hukuma kowa a ƙasar nan ya ji shi daga bakin iyayensa, ba sai mai aji huɗu ya rubuta ba. Wanda ba shi da rumbu ba ya zuwa ziyara. Shekarar nan kaka ta zo ta wuce ba wanda ya aiko a kira ni. Na koma ɗaukar itace da buhunan siminti a motar da ta saba ɗaukar masu tasbaha.

Ana cikin bazara, zafi ya kai inda ya kai, hadari ya fara leƙowa ta gabas, sai ga Baba Labbo a tasha da sandarsa. Muka gaisa yadda ya kamata, gida, iyali, gajiya, zafi, har muka ƙare muka sake.

"Ina son mota gobe," ya ce. "Sakkwato."

"Mutum nawa, Baba?"

"Ni ɗai."

Na ce ina sauran dattawan? Ya lissafa mani su da sanda yana nuna kusurwoyin duniya. Wane ya bi ɗiyarsa, wane yana sabon matsuguni ba ya fita, liman ya koma Jangebe, wane ya rasu. Gida uku suka rage a Tungar Marke. Shi ma jibi da asuba babban ɗansa zai zo da mota ya tafi da shi Gusau, inda yake ɗinki.

"To Baba, ziyarar ban kwana ke nan?"

"Tambaya za ni," ya ce. "Damanar ga in ta sauka, ruwa za su ci maƙabartarmu. Kulu na ciki. Ina son in ji bakin malaman birni, ko in tono ta in tahi da ita."

Kulu matarsa ce. Ni ban taɓa ganinta ba, ta rasu tun ina karen mota. Amma duk wanda ya san Labbo ya san kowace Alhamis da yamma yana zuwa gindin wata kuka a maƙabarta, ya share, ya yi addu'a, sannan ya tsuguna ya ba ta labari: wa ya yi aure, wa ya haihu, akuyar wa ta shiga gonar wa. Mutanen ƙauye har tsokanarsa suke, wai da ranta ba ta samu ta sa baki ba, ta mutu ma bai bar ta ta huta ba.

Da asuba na ɗauke shi. Ban taɓa jin motar nan ta yi ƙara irin ta ran nan ba. Benci biyu ba kowa, suna ta buga bodi, tampol yana kaɗawa. Mota mai kaya ita ke zama a hanya, fanko kuwa kowane rami sai ta gaishe shi. A Tureta Labbo ya yi tari sau biyu, na tsaya na ba lagireto ruwan da ba ya so. Da ya dawo ya leƙa baya ya daɗe yana duban bencin, sannan ya shigo ya rufe ƙofa. Mutumin da ke cika mani kunne daga Maradun har Shuni, ran nan kalmominsa ba su cika tafin hannu ba.

A Hubbare na aje mota a inuwar da za ta zo. Muka tuɓe takalma muka shiga, sanyin wurin da ƙamshin turare suka tare mu. Ya yi ziyararsa, ya daɗe. Da ya gama na kai shi wurin wani malami da ke zama a zaure a kan buzu, wanda mutanenmu suka saba kai wa tambaya. Labbo ya durƙusa ya zayyana komai.

Malam ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Malamai sun yarda a ɗauke mamaci in ana tsoron ruwa su ci shi, muddin ba za a keta mutuncinsa ba. Yaushe ta rasu?"

"Allah shi gafarta Malam, autanmu na goye. Yanzu shi ma yana da ɗiya."

"To, dattijo, abin da za ka iske ba abin da za ka so ka gani ba ne, kuma ita ma ba za ta so ka gani ba. Bar ta inda Allah ya aje ta. Mai ƙasa shi ne mai ruwa. Addu'arka za ta same ta ko daga Gusau kake."

Labbo ya yi godiya, muka fito. Ni har na ji sanyi, na ce magana ta ƙare. Yana sa takalmi sai ya ce, "Malam ya yi gaskiya. Amma ta Kulu ya amsa, bai amsa tawa ba. Addu'a ta san hanya, na yarda. Ni hwa? In na zo, ina zan tsaya? In duba ruwa in ce mi? Ina kwana, ruwa?"

Muka yi azahar a babban masallaci. Daga nan ya ce kasuwa. Na ɗauka goro zai saya. Sai na ga ya nufi 'yan yadi, ya sa an yanko masa farin alawayyo, irin wanda ku ma kun san abin da ake yi da shi. Ya naɗe ya sa a hammata.

"Akwai shebur cikin motar ga?" ya tambaye ni.

"Baba, shebur na mene ne?"

"In mun koma, ni da kai. Kai ka haƙa, ni in ɗauka. Ƙarfina bai kai ba."

Jama'a, ni direba ne. Na taɓa ɗaukar gawa, na taɓa ɗaukar mai naƙuda, na taɓa ɗaukar raƙumi ƙarami, amma ba a taɓa ɗaukata haƙar kabarin da ya riga ya yi mai shi ba. Kuma ba a ce wa tsoho a'a kai tsaye, musamman wanda ya ɗauki motarka shi kaɗai. Sai na yi dabarar direba. Na ce a raina, bari in cinye ranar nan a birni, mu isa cikin duhu, da asuba ɗansa ya zo ya tafi da shi, kowa ya huta.

"Baba," na ce, "zagaye bai cika ba. Saura bariki."

"Na ga bariki har na gaji."

"Ziyarar da ba a cika ba, ladanta rabi ne."

"Wane malami yac ce?"

"Yana cikin littafin aji biyar. Ban kai ba, amma an ba ni labari."

Na ja shi Giginya, na yi masa yaƙin tun daga farko, na kashe Turawa fiye da na kowace shekara, bai ƙirga ba. Na kai shi gidan Razdan muka tsaya ta waje muna kallon bangon da tagoginsa masu katako, na nuna masa inda na ce nan ake ɗaure dokin Razdan, nan kukunsa ke yanka kaji. Na zaga da shi ta gaban tsohon cocin da ke wajen Sabon Gari, inda aka rataya ƙararrawa a kan ƙarfe. Alawayyo na kan cinyarsa, hannunsa a kai. Da wuraren suka ƙare mani, sai na tuna da wani wuri da ban taɓa kai kowa ba, don ba mai so: maƙabartar Turawa.

Ɗan fili ne da katanga, da itatuwa, da duwatsu masu rubutu. Wani tsoho ne ke gadinta, tsohon soja, yana shara da tsintsiyar kaba. Ya ga mu da mamaki.

"Kun ɓata hanya ne? Hubbare can baya yake."

"Mun hito can," in ji Labbo. "Kai kuma mi ka yi wa Allah yab ba ka gadin waɗanda ba su gudu?"

"Su ne masu daɗin gadi, tsoho. Ba su aike, ba su faɗa."

Labbo ya bi duwatsun ɗaya bayan ɗaya da sandarsa. Ya tsaya a kan wani ya ce in karanta masa. Na gyara tsayuwa na duba da kyau. Turancin ya fi ƙarfin aji huɗu, amma lissafi na iya, na debe shekarar haihuwa daga ta mutuwa na ce masa yaro ne, ko gemu bai gama tarawa ba.

"Uwatai na da rai sa'adda yam mutu ke nan," in ji Labbo. Ya juya ga mai gadi. "Wa ka zuwa gaishe su?"

"Ba kowa. Mutanensu suna bayan teku."

"Ruwa na tsakaninsu ke nan."

"Ruwa kuwa, wanda jirgi ke kwana da kwanaki a kai. Sau ɗaya dai wata tsohuwar Baturiya ta zo wurin wancan na ƙarshe, yayanta ne. Ta ce ta bakin mai fassara, uwarsu har ta mutu ba ta taɓa taka ƙasar nan ba. Amma wai akwai wata taga a gidansu da aka ce mata ita ke duban wajen nan. To nan uwar take tsayawa."

"Taga," in ji Labbo.

"Taga. Ba ta ganin komai sai gidan maƙwabta. Amma nan take tsayawa."

Labbo ya dogara da sandarsa yana duban kabarin yaron. Ni kuma bakina da ba ya zama lafiya na ce, "Ai Baba, mu ma wa ya taɓa hango Maka daga Maradun? Gabas kawai aka nuna mana, muka tsaya."

Ya juyo ya dube ni kamar yau ya fara ganina. "Kar liman shi ji ka," ya ce. "Amma tada mota. Daga tudun da ke bayan garinmu ana hangen kukar. Ruwa ba su kai tudun ga. In mun isa da sauran rana, in nuna maka ita, ka sama mani inda zan tsaya."

"Baba, da sauran rana? Ka ga inda take kuwa?"

"Wa yac cinye ta? Ni?"

To kun ji. Ranar da na yini ina kashewa da gangan, yanzu ita nake roƙo ta dakata. Kukoki sun fi ɗaya a maƙabartar, shi kaɗai ya san wacce ce, gobe da asuba kuma ya tafi. In ruwan sama ya sauka kafin ya dawo, shi ke nan.

A nan ne, samari, na yi gudun da kuke cewa ban iya ba. Garin Dange ya wuce kamar an jefa shi. Bencin baya suna tsalle, lagireto ya fara huci da gaske, na ce masa ya yi haƙuri, da safe ya sha na banza. Mun wuce mararrabar Bakura rana ta yi ja. Da muka bar Mafara muka ɗauki hanyar Maradun sai muka iske an tare hanya ana haƙar magudanar ruwa, tifa-tifai sun yi layi, an ce sai an jira. Na san wani burtali da Fulani ke bi da shanu zuwa gulbi, na taɓa bin sa da Bawa. Na karya sitiyari na faɗa ciki. Ƙaya tana karce bodi, Labbo ya riƙe ƙofa da hannu ɗaya, alawayyo da ɗaya, yana cewa, "Mamman, likkafanin ga na mutum guda na, bai isar mu biyu!"

Muka hau tudun rana tana gab da faɗawa. Daga nan komai a fili yake. Ga ruwa ya shimfiɗu inda da gonaki ne, ga ragowar Tungar Marke, rufin gidaje duk an kwashe, ga maƙabarta a ɗan gangare, ruwa ya kusa lasar ta. Labbo ya miƙa sanda ta taga.

"Waccan. Mai reshe guda da ya karkata. Tana gindinta, ta hannun dama. Shi ke nan, na samu. In na zo sai in dubi kukar."

Ya kama ƙofa zai fita. Na ce, "Baba, zauna. Kukar nan inuwar yanzu ce."

"Kamar ƙaƙa?"

"Kuka ba ta son ruwa a ƙafarta. In ya kewaye ta za ta ruɓe ta faɗi. Sai ka dubi me?"

Ya saki ƙofar. Na duba can bayan kukar, ƙetaren gulbi, akwai wani dogon dutse mai tsagi a kansa kamar an sare shi da gatari. Na sa giyar baya, na dawo, na yi gaba, na karkata, na sake komawa. Ina zaune daram a kujerata, ido ɗaya a rufe, har kan zabuwa da gindin kukar ta hannun dama da tsagin dutsen suka hau layi ɗaya kamar an ja zare. Na ja birki, na fita na sa weji. Na kawo Labbo na zaunar da shi a kujerar direba, wadda ban taɓa ba kowa ba.

"Dubi kan zabuwa."

"Shaho dai, in ji Bawa."

"Dubi kan shaho. Me ka gani bayansa?"

"Kulu."

"Bayanta fa?"

"Dutsi mai tsagi."

"To kukar za ta tafi. Dutse da tudun nan suna nan."

Ya daɗe a zaune. Sannan ya fito ya tsaya a gaban mota, ya yi sallama da ƙarfi kamar mai shiga gida, ya yi addu'a, ya tsuguna. Na koma bayan mota ina duba tayar da ba abin da ya same ta. Na ji yana gaya mata an kai shi kabarin wani yaron Bature, kuma direban nan na Mafara maƙaryaci ne amma yana da ido. Ba a yi maganar shebur ba. Na tara duwatsu a inda tayoyin gaba suka tsaya, muka sauka.

Damina biyu kukar ta yi tana tsaye a cikin ruwa, ta uku ba a gan ta ba. Duwatsun da na tara kuma masu gini suka kwashe. Bai dame ni ba. Akwai wani kwari a tudun da tayar hagu ke faɗawa, in na ji ta zauna, in juya hanci har kan zabuwa ya shiga tsagin dutse, an iso. Kowace shekara bayan girbi, ranar wata Alhamis, Labbo zai biyo motar Gusau ya sauka a tasha, in kai shi, ba Sakkwato ba, tudu. Benci biyu ba kowa. A ƙarshe idonsa ya tafi gaba ɗaya, sai in fito da shi in kama kafaɗunsa in juya shi kamar ana saita rediyo, in ce, "Nan, Baba." Ya ce, "Ka tabbata? Kar ka sa in ba matar wani labarin gidana."

Zuwansa na ƙarshe, muna saukowa ya ce, "Mamman, in ta faru, wa zai gaya mata? Ɗiyana ba su san wurin ba, kuma sun ce haukan tsufa na."

Na ce, "Baba, ni direba ne, ba ɗan aike ba."

"Direba ɗan aike na mai taya," ya ce.

Wata ranar Talata ana cin kasuwa, wani direban Gusau ya same ni a tasha ya ce ɗan Labbo ya ce a gaya mani tsoho ya cika. Ya ce wai da za a yi masa sutura sai aka samu wani tsohon alawayyo a ƙarƙashin matashinsa, an naɗe shi da kyau, da shi aka rufe shi.

Na jira Alhamis. Na wanke mota, na sa riga mai kyau, na hau tudu ni kaɗai. Taya ta faɗa kwarinta, zabuwa ta shiga tsagi. Na fito na tsaya a gaban mota. Ruwa ne kawai har iyakar gani, da wani masunci can nesa a cikin kwalekwale. Na yi sallama, na yi addu'ar da na iya, sannan na ce, "Inna Kulu, ba ki san ni ba. Mamman ne, direba. Baba ya rasu. Yana Gusau, an sa shi a tudu, wuri busasshe, ɗiyanku duk sun halarta. Alhamis ɗin da ba ki ji shi ba, kada ki ce ya manta." Na rasa abin da zan ƙara, sai na gaya mata gero ya yi kyau bana.

Motar ta daɗe da zama kwanonin masu gwangwan. Zabuwar na cire, tana nan a ɗakina. Na ci gaba da zuwa a kan babur ɗin haya, in tsaya a kwarin, in ɗaga ta daidai ido in nemi tsagin. Bana da na je na ɗaga ta, na ga zabuwa, na ga ruwa, dutsen kuwa ya narke cikin sama. Sai da na kira wani mai kiwo ya kama hannuna ya nuna mani wajen. Ya tambaye ni wa nake nema a cikin ruwa. Na ce wata fasinjata ce da ba ta taɓa shiga motata ba.

To ga aikin da kuka ce ko yaro zai iya. Alhamis mai zuwa bayan la'asar ina gindin dalbejiyar tasha, zabuwa na aljihuna. Ina neman mai ido biyu masu kyau, wanda zai iya kashe inji ya tsaya wuri ɗaya. Makon jiya ma na zauna a nan har aka kira magariba. Kowa ya ce yana da fasinja.